Rigar da Sawne Ta Ɗinka wa Inji

A kwana na huɗu da kwanciyar tsoho Papali, numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen itace. 'Ya'yansa biyu suka fita bayan tanti suka yi shawara a tsaye, kuma ba ta yi tsawo ba. A tashar ciniki da ke bakin babban kogi akwai ma'aikaciyar jinya mai allura, akwai wayar da ake kiran jirgi da ita. Tafiyar awa biyar ce a babur ɗin ƙanƙara idan hanya ta yi kyau. Da keken da bareyin gida ke ja kuwa kwana biyu ne, ga shi watan haihuwarsu ne, mazan bareyin da ke jan kaya duk sun rame.

Nyadma, babban, shi ne mai gyara a duk zangon. Ba wanda ya koya masa. Shekara ashirin da suka wuce ya kwance wani mataccen inji a kan shimfiɗar fata, ya mayar, ya sake kwancewa, har sai da ƙarfen ya gaji ya nuna masa yadda yake. A safiyar nan ya buɗe murfin babur ɗin ya bi komai a tsanake. Ya gauraya fetur da baƙin mai, ya ƙara man kaɗan a kan na kullum. Ya danna bel ɗin fanka da babban yatsa ya ji ƙarfinsa. Ya sa tsinke ya tsince gashin barewa da ya maƙale a ragar shan iska. Inji irin wannan ba ruwa ke sanyaya shi ba, iskar da fanka ke janyowa ce kaɗai. Cikin hunturu iskar tana da sanyin da ya ishe shi har ya yi yawa. Yanzu kuwa, kamar kowace shekara a wannan ƙasa ta can arewacin duniya, rana ta daina faɗuwa, dusar ƙanƙara ta jiƙe ta yi nauyi, iska ta yi ɗumi, ga kaya za a ja. A irin wannan yanayin ne injuna ke mutuwa.

Ya rufe murfin ya ce da ƙaninsa, “Kai za ka tuƙa, ka fi ni ido a hanya. Ni zan riƙe Baba a zaune don ya samu numfashi. Duk rabin awa ka tsaya, kada ka kashe, ka bar shi yana aiki a hankali fanka ta huce shi.”

Ilko ya ce, “Na ji, Yaya. Ba yau na fara hawa ba.”

“Ba yau ka fara ƙona su ba dai.”

Suka fito da tsohon suka kwantar a narta, keken katakon da babur zai ja, suka jera masa fatu. Mahaifiyarsu Sawne ta fito da garwashi a ludayin ƙarfe, ta zuba masa ɗan kitse da gashi, hayaƙin tsarki ya tashi. Ta zagaya narta da shi, ta bi ƙarƙashin igiyar ja, ta kai shi fuskar mijinta.

Papali ya yi tari ya ce, “Tsohuwa, ki bari in mutu tukuna kafin ki ƙyafe ni.”

“Yi shiru ka adana numfashinka. Da ina son ƙyafe ka da ban jira shekara arba'in da biyar ba.”

Daga nan ta wuce gaban babur ɗin ta durƙusa. Idan mace tana wannan aiki maza ba sa tsayawa a kanta, don haka kowa ya kama abin da ke gabansa. Da ta tashi, Nyadma ya zo wucewa ya lura robar da ke kama murfin inji ta gefe ɗaya ba ta zauna daidai ba. Ya sa yatsa ya gyara ta. Bai buɗe ba. Buɗewa a lokacin zai zama kamar yana binciken aikin uwarsa ne a gaban jama'a.

Suka kama hanya. Nyadma na zaune a bayan narta, bayan mahaifinsa a ƙirjinsa, yana jin kowane numfashi yana shiga da ƙyar yana fita da ƙyar. Dusar ƙanƙara tana manne wa ƙafafun narta, babur yana ja kamar mai hawan tudu ko a fili. Ya ji ɗan ƙaurin gashi a iska, ya ɗauka hayaƙin Inna ne ya kama rigar tsohon.

A tsayawar farko bai iya tashi ba, don da ya motsa sai tari ya sarƙe Papali. Ya ɗaga murya ya ce, “Taɓa ka ji. Ya zafinsa?”

Ilko ya dafa murfin da safar hannu a hannunsa. “Lafiya lau.”

“Buɗe ka duba.”

“Yaya, dubi leɓɓansa sun yi shuɗi. Inji za mu yi jinya ko Baba?”

Ya hau ya murza totur. Nyadma ya ƙyale shi, don shi ma ya ga leɓɓan.

Bayan awa biyu suka iso wani dogon tafki. Ƙanƙarar ƙasa tana nan da ƙarfinta, amma ruwan narkewa ya kwanta a kanta ya kai idon sawu, ya haɗu da dusa ya zama taɓo fari. Wanda ya tsaya a irin wannan wuri ba ya tashi. Ilko ya ba shi wuta duka. Suna tsakiyar tafkin ne Nyadma ya ji abin da yake tsoro: wani siririn amo a cikin kukan injin, kamar ana kaɗa cokali a kofin gilashi. Ƙarfin ja ya fara raguwa. Ya yi kira, Ilko bai waiwayo ba, kuma ko ya waiwayo babu wurin tsayawa. Suka ƙetare, suka hau gaɓa, injin ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru.

Ilko ya sauka ya ja igiyar tayarwa. Ba ta motsa ba, kamar an ɗaure ta a dutse. Ya sunkuya ya ciko hannu biyu da dusar ƙanƙara.

Nyadma ya ce, “Ajiye.” Ya jingine mahaifinsa da ƙunshin fatu ya taso. “Ka zuba masa wannan yanzu, ƙarfen ya tsage, mu ƙarasa da ƙafa. Je ka saro ƙirare a kwarin can ka hura wuta. Baba na buƙatar shayi mai zafi.”

Ilko ya dube shi, ya zari gatari ya tafi.

Da Nyadma ya ɗaga murfin, zafi ya buge shi a fuska, ƙaurin gashi ya biyo baya. A jikin ragar shan iska, ta ciki, an shimfiɗa wata fata an soke gefunanta da kyau yadda ba za ta zame ba. Fanka ta tsotse ta ta manne, gashin ya babbake. Ya san ta. Fatar ƙafar barewa ce guda shida aka haɗa, aka yi mata baki da jan ƙyalle irin wanda Inna ke sa wa hulunan jikokinta. Rigar inji ce. Ta ɗinka ta a tsakiyar hunturu, lokacin da sanyi ke hana babur tashi da safe, ta ce ba za ta iya kallon abin da ke kawo mata garin fulawa da sukari yana kwana tsirara a waje ba. Duk hunturun sun yi amfani da ita, ta kuma yi amfani. Shi da kansa ya cire ta makonni biyar da suka wuce ya jefa cikin kayan sanyi, bai ce wa kowa komai ba, don bai ga abin faɗa ba.

Ya fizge ta ya cusa cikin rigarsa.

“Kawo nan.”

Ya waiwaya. Idanun tsohon a buɗe suke, suna kansa.

“Ba komai ba ne, Baba.”

“Likitan ƙarfe, ni na haife ka. Kawo.”

Ya kai masa. Papali ya juya ta a hannu, ya shafa jan bakin da yatsa. Ya daɗe yana tara numfashi kafin ya yi magana.

“Ita ce ta kashe shi?”

“Ta toshe masa iska.”

“Haka uwarku take. Ɗan barewa ya faɗo cikin dusa, ta cusa shi a rigarta. Ku ma haka ta yi muku. Ni kaina ban taɓa fita ba ta ƙara mini wani abu a wuya ba.” Ya yi tari mai tsawo. “Ta ga zan yi nisa ne, ta ce kada ya ji sanyi ya tsaya da ni a hanya.”

Ya ɗaga wuyan rigarsa ya tura fatar ciki, a kan ƙirji.

“Kada ta ji. Kada Ilko ya ji, bakinsa ba ya riƙe ruwa. Ka ji ni?”

“Na ji.”

“Idan na tafi ka sa ni da fatar nan. Ɗinkinta bai taɓa warware mini ba.”

Ilko ya dawo da ƙirare, ya hura wuta, ya ɗora buta. Sannan ya zo ya tsaya a kan yayansa, wanda ya riga ya shimfiɗa fata ya jera sifana.

“Me ya same shi?”

Nyadma bai ɗago ba. “Bel ɗin fanka ne ya saki. Ban ɗaure shi yadda ya kamata ba.”

Ilko ya ƙara matsowa kusa da shi. Da ya yi magana muryarsa ƙasa take. “Shekara ashirin kana gyara wa mutanen da ba su haɗa komai da kai ba. Daga zango uku ake zuwa nemanka. Sai ranar babanka ka bar bel.”

Daga narta Papali ya ce, “Ku rage mini surutu. Iskar wurin ba ta ishe mu mu uku ba.”

Aikin ba ya son gaggawa, kuma wannan ne ya fi komai ciwo. Sai da Nyadma ya jira ƙarfen ya huce da kansa har hannu ya iya zama a kai. Ya cire fulogi, ya ɗiga baƙin mai ta ramin, ya jira. Ya riƙa girgiza injin gaba da baya da hannu, kaɗan kaɗan, har fistin ya saki. Cikin fistin biyun, na bayan ne ya cije, wanda ya fi nisa da fanka, kullum shi ke fara mutuwa. Ya kwance kan silinda ya ga inda fistin ya narke ya shafa jikinsa a bango. Ya kankare da bakin wuƙa, ya goge da samfefa, ya ɓanɓaro ringin da ya manne a gurbinsa, yana lallaɓa shi don idan ya karye babu wani.

Hannuwansa suna aiki, zuciyarsa tana nata. Ya riƙa auna abin yana juyawa. Inna ta sa fatar, wannan gaskiya ne. Amma ba ta san iska ke rayar da inji ba, kuma wa ya kamata ya gaya mata in ba shi ba? Ya ga roba a karkace ya gyara bai buɗe ba. Ya ji ƙauri ya ba shi wani suna. Ilko ya ƙi buɗewa a tsayawar farko, amma shi ma ai ya bar shi. In haka ne, ƙaryar da ya yi ba ta yi nisa da gaskiya ba, wurin laifin kawai ya sauya. Sai dai ya lura wannan tunani yana yi masa daɗi fiye da kima, kuma ya san duk hisabin da ya zo wa mutum da sauƙi haka akwai abin da aka bari a waje.

Awa huɗu suka yi a gaɓar tafkin. Papali ya sha shayi kurɓi uku, ya ƙi kifi. Da injin ya tashi, muryarsa ta dishe, rabin ƙarfinsa ya tafi. Nyadma ya ƙara mai a tanki har hayaƙi ya yi shuɗi, ya cire murfin gaba ɗaya ya ɗaure a bayan narta. Ya ce duk minti goma sha biyar a tsaya. Wannan karon Ilko bai yi musu ba.

Sun hango dogon ƙarfen wayar tashar, siriri a gefen sama, lokacin da Nyadma ya ji bayan da ke jingine a ƙirjinsa ya yi wani irin nauyi. Ya jira numfashi na gaba. Bai zo ba. Bai kira Ilko ba. Ya ci gaba da riƙe tsohon a zaune yadda ya riƙe shi tun safe, har tsayawa ta gaba ta zo da kanta.

A tashar, ma'aikaciyar jinyar ta duba ta rufe masa ido. Ilko ya tambaye ta, a gaban yayansa, ko da sun iso awa huɗu kafin haka da ya rayu. Ta ce huhun ya riga ya cika, amma ta ga waɗanda suka fi haka suka tashi. Ta ce ba za ta ce musu e ba, ba za ta ce musu a'a ba.

Kafin su juyo da gawar, Nyadma ya zaro fatar daga ƙirjin mahaifinsa ya ɓoye, don ya san Inna ce za ta sa masa tufafin tafiya. A ranar da aka kai shi tudun kakanni aka sa shi a akwatin katako, aka karya wuƙarsa da butarsa da sandarsa ta korar bareyi aka ajiye masa, Nyadma ya sunkuya kamar mai gyara matashi ya tura rigar injin ƙarƙashin kan tsohon. Ba wanda ya gani.

Labarin bel ya zagaya zanguna. Wani maƙwabci da ya saba kawo injinsa ya wuce da shi wani wuri. Wannan bai dami Nyadma ba. Abin da ya dame shi Ilko ne. Tanti ɗaya suke kwana, tukunya ɗaya suke ci, amma idan Ilko na son gishiri sai ya ce da matarsa ta miƙo, ko da yana gaban yayansa. Sawne kuwa ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Sai ma ta riƙa zaɓar wa Nyadma ɓargo tana turo masa, irin yadda ake yi wa wanda aka yafe wa. Wannan ɓargon ya fi shirun Ilko wuyar haɗiya.

Kwana goma sha biyu bayan jana'iza, garin fulawa ya ƙare. Nyadma ya samo sabon fistin ya sa, aka shirya Ilko zai je tasha kafin ƙanƙarar kogi ta narke. Da hantsi Nyadma ya zagayo bayan tanti sai ya tarar da mahaifiyarsa a durƙushe gaban babur, tana kokawa da robar murfi. A cinyarta akwai sabuwar riga, fatar ƙafa shida, jan baki, zaren jijiya bai ko bushe ba.

Ta ce, “Zo ka buɗe mini. Yatsuna sun ƙi. Waccan ta ɓata, na duba ko'ina.”

Ya tsaya. Ya yi wa mamaci alkawari, kuma mamaci ba ya sakin mutum daga alkawari. Yana iya karɓa ya ce zai sa, ya ɓoye. To gobe fa, ranar da ba ya nan? Ilko shi kaɗai zai ratsa tafkin nan, kuma ruwan ya ƙaru. Ya nemi wata hanyar da za ta tsare maganar uban ta kuma tsare ran ƙanin, ya duba ta ko'ina, bai samu wadda ba ta bi ta kan uwar ba.

Ya buɗe murfin. Ya ja igiya injin ya tashi, ya bar shi yana aiki a hankali. Ya kama hannunta, abin da bai yi ba tun yana yaro, ya kai shi gaban ragar.

“Kin ji?”

“Yana ja.”

“Numfashinsa ke nan, Inna. Cikin hunturu sanyi ya yi masa yawa, shi ya sa muke rufe shi. Daga lokacin da bareyi suka fara haihuwa har dusa ta sake zuba, ba a sa masa komai. Zafi yake ji, ba sanyi ba.”

Ba ta janye hannun ba. Ta tsinko ɗan gashi daga sabuwar rigar ta saki. Iska ta fizge shi ya manne a raga. Ta daɗe tana kallonsa yana rawa a wurin.

“In an rufe fa?”

“Sai ya shaƙe.”

“Ya tsaya.”

“E.”

Ta sauke hannunta a cinya. Fuskarta ba ta sauya ba, sai dai ta tsufa a gabansa.

“Ta farkon tana ina?”

“Tana wurin Baba. Shi ya karɓa da hannunsa, ya sa a ƙirji.”

“Ya gani ke nan.”

“Ya gani.”

“Me ya ce?”

“Ya ce ɗinkinki bai taɓa warware masa ba.”

Ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, ba kuka ba, ba dariya ba. “Tsohon banza. Har a can sai ya rufa mini asiri.” Ta naɗe sabuwar rigar sau biyu, a hankali, ta daidaita gefunan. “Kai kuma ka zauna kana cin ɓargona kwana goma sha biyu.”

“Shi ya ce kada ki ji.”

“Ba ka faɗa ba. Ni na tambaya.” Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe. “Bel ɗin naka lafiyarsa ƙalau?”

“Ƙalau.”

Ta gyaɗa kai. Ta nufi ƙofar tanti da rigar a hammata, tana tafiya kamar mai ɗauke da itace. A bakin ƙofa ta tsaya ta dubi inda ƙaramin ɗanta ke ɗaure buhuna a narta.

“Ilko. Bar wannan, zo ka zauna. Ina da magana.” Ba ta waiwayo ba ta ƙara da cewa, “Kai ma.”

Nyadma ya tsince gashin daga ragar. Ya bar injin ya ɗan ƙara juyawa fanka ta gama huce shi, sannan ya kashe, ya bi bayansu.